Tsakanin rsync da Syncthing: wacce ta dace da shagon da ke da reshe a wani gari?

Wani mai shagon ɗab'i a cikin garin Gombe, wanda ya buɗe ƙaramin reshe a Bajoga, ya taɓa kirana kan wata asara da ya tafka ana gab da wani biki. An zana katin gayyatar ɗaurin aure a babban shago, aka tura wa reshe ta waya, daga baya iyayen amarya suka ɗaga ranar da mako guda, aka gyara zanen a Gombe, amma yaron da ke Bajoga ya buɗe tsohon fayil ɗin da ke cikin kwamfutarsa ya buga kati ɗari biyar ɗauke da ranar da aka riga aka soke. Da na isa, sai mai shagon ya ce da ni: "Malam, ni ba dogon turanci nake so ba. So nake duk abin da ke cikin wannan kwamfutar ya zama shi ne a cikin waccan, ba sai na ba direba filash a tasha ba." A bakinsa buƙatar guda ɗaya ce, amma idan aka zo aiwatarwa takan rabu gida biyu, kuma manhajoji biyu na kyauta da suka yi suna a wannan aiki, wato rsync da Syncthing, kowacce gida ɗaya ta fi ƙwarewa a kai.

A shekaru rsync ce babba. Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da ita a 1996 a Ostareliya, lokacin da layin intanet ke tafiyar hawainiya, saboda haka tun daga tushe an gina ta a kan tsimin data. Kafin ta aika komai takan duba girman kowane fayil da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe, idan duka biyun sun yi daidai a nan da can sai ta tsallake shi. Idan sun bambanta, kwamfutar da ke karɓa takan yanka tsohon kwafinta gunduwa-gunduwa, ta lissafa wa kowace gunduwa gajeriyar lambar shaida, ta aika wa mai turawa. Ita kuma mai turawa ta bi sabon fayil ɗin tana neman gunduwoyin da suka dace, ko da sun gusa daga inda suke a da, sannan ta aika abin da ya saura kawai. Halinta irin na ɗan aike ne mai biyayya: ka ce ta kai kaya daga nan zuwa can, ta kai, ta tsaya, ba za ta sake motsi ba sai ka sake aiken ta, kuma ba ta dawo maka da abin da ya canza a can sai ka ba da wani umarnin dabam.

Syncthing kuwa Jakob Borg, mutumin Suwidin, ya fara fitar da ita a ƙarshen 2013, ta kai siga ta 1.0 a 2019, sannan ta 2.0 a watan Agustan 2025. Ita zama take yi a cikin kwamfuta tana gadin foldar da aka ba ta, da zarar an adana sabon gyara sai ta sanar da sauran kwamfutocin da aka haɗa ta da su, su kuma su ja abin da ya canza, kuma tafiyar ta kowane ɓangare ce. Babu wani kamfani a tsakani da ke riƙe da fayilolinka, babu buɗe asusu, babu kuɗin wata. Kowace kwamfuta tana da doguwar lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 56, waɗanda aka raba rukuni takwas, kuma kwamfuta biyu ba za su yi musayar ko fayil ɗaya ba sai kowacce ta amince da lambar 'yar'uwarta.

Wajen girkawa, wanda ke amfani da Ubuntu ko Debian, wato nau'o'in tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, ba shi da wata wahala da rsync, domin layi ɗaya ya wadatar, `sudo apt install rsync`, sai dai a tuna cewa dole ne ta kasance a kan kwamfutocin biyu, kuma wadda za a tura wa tana buƙatar sabar SSH, wato manhajar da ke ba wata kwamfutar damar shigowa daga nesa ta hanya a kulle, wadda ake girkawa da `sudo apt install openssh-server`. Don kada a riƙa tambayar kalmar sirri a kowane aike, ana ƙirƙirar mabuɗi da `ssh-keygen -t ed25519`, a kai shi can da `ssh-copy-id`. Daga nan umarnin yau da kullum ba ya wuce wannan:

`rsync -avz /home/shago/ayyuka/ ajiya@saba:/ajiya/ayyuka/`

A nan `ajiya` sunan mai amfani ne a can, `saba` kuma sunan kwamfutar da za a tura wa. Harafin a yana sa ta shiga duk ƙananan foldoji tare da kiyaye lokutan fayiloli da izininsu, v yana nuna abin da take yi, z kuma yana matse bayanai a kan hanya. Matsalar ita ce shagunan ɗab'i da na buga takardu a nan wajenmu kusan dukansu Windows suke amfani da ita, saboda CorelDRAW da makamantanta, rsync kuwa ba 'yar gidan Windows ba ce. Ana iya shigo da ita ta WSL, wato Linux ɗin da ke zama cikin Windows 10 da 11, ko ta Cygwin, amma hakan na nufin sauke ɗaruruwan megabayit, da koya wa yaron shago cewa a WSL faifan C sunansa ya koma `/mnt/c`. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai ƙaramin shago ya yi tunani sau biyu.

Girka Syncthing ya fi sauƙi ga wanda bai saba da baƙin allon umarni ba. Ana sauke ta, a kunna, sai ta buɗe shafin sarrafawa a burauza a adireshin `127.0.0.1:8384`, wanda ke cikin kwamfutar kanta. A shafin ne ake kwafo lambar shaidar kwamfuta ta farko a shigar a ta biyu, ta farkon ta amince, sannan a zaɓi foldar da za a raba. Abubuwa biyu ne masu girkawa kan manta: sanya wa shafin sarrafawar kalmar sirri, da tabbatar da cewa manhajar za ta tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Na biyun ya fi cizo, domin a inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, kwamfutar da ta mutu ta farfaɗo ba tare da Syncthing ta tashi ba za ta iya kwana uku tana aiki ita kaɗai kowa na zaton komai daidai yake. Game da waya, an daina sabunta ainihin manhajarta ta Android a Disambar 2024, sai dai akwai wadda wasu suka ci gaba da kula da ita mai suna Syncthing-Fork, kuma masu Syncthing ba su da tasu manhajar ta iPhone.

Inda zaɓin ya fi yankewa shi ne batun yadda kwamfuta ɗaya za ta gano ɗayar, kuma nan ne bayanan da aka rubuta don masu intanet na waya mai igiya ke ɓatar da mutanenmu. rsync tana buƙatar ta ƙwanƙwasa ƙofar kwamfutar da ke can, ƙofa mai lamba 22 idan ta SSH ce, saboda haka dole waccan kwamfutar ta kasance da adireshin da za a iya samunta da shi daga waje. Wanda ke samun intanet ta MiFi ko ta rautar da ake sa wa layin waya yawanci ba shi da irin wannan adireshi, domin kamfanonin sadarwa kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ɗakuna hamsin da lambar gida guda: na ciki yana iya fita ya je ko'ina, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kaɗai ba zai san ɗakin da zai nufa ba. Duk yadda ka buɗe ƙofa a rautarka ba zai yi amfani ba, tunda katangar tana wajen kamfanin ne. Mafita biyu ce, ko dai a yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke zaune a kunne a intanet, mai adireshi tsayayye, wadda galibi da kuɗin waje ake biya duk wata, ko a haɗa kwamfutocin da manhaja irin Tailscale, ta ba kowacce adireshi na cikin gida mai farawa da 100, sannan rsync ta bi ta kansa.

Syncthing ta zo da maganin wannan a jikinta. Kowace kwamfuta takan sanar da inda take ga sabobin neman juna, sannan su yi ƙoƙarin haɗuwa kai tsaye ta ƙofa mai lamba 22000. Idan katangar kamfanin sadarwa ta hana, sai su bi ta wasu kwamfutocin 'yan sa-kai da ke miƙa saƙo tsakani. Masu miƙawar ba sa iya karanta abin da ke wucewa, domin a kulle yake tun daga mai turawa har zuwa mai karɓa, amma tafiyar takan yi nauyi idan aka kwatanta da haɗuwa kai tsaye. Ga katin biki da takardar farashi wannan nauyin ba ya damun kowa. Ga mai ɗaukar bidiyon biki da ke son tura gigabayit talatin a dare ɗaya, zai ji a jikinsa.

Sai dai akwai sharaɗin da Syncthing ba ta iya tsallakewa, wanda kuma yanayin wutarmu ya mai da shi babba: dole kwamfutocin biyu su kasance a kunne, da intanet, a lokaci guda. Idan Gombe na da wuta da safe, Bajoga kuma sai da yamma ake tayar da janareto, to za su yi ta saɓani kamar masu zuwa gaisuwa gidan juna a sa'a ɗaya. Maganinsa shi ne kwamfuta ta uku wadda ba ta mutuwa, ko da tsohuwar laftof ce mai batir mai kyau a kan sola ko inbata, ko 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi mai cin wuta kaɗan, ta karɓa daga wanda ya farka ta ajiye wa wanda ke barci. Idan ta ukun ba a hannunka take ba, misali sabar haya ce, akwai zaɓin da aka rubuta wa "Receive Encrypted", wanda ke sa ta riƙe fayilolin a kulle ba tare da ta iya buɗe su ba. rsync ma tana da irin nata ciwon: idan ka tsara ta da cron, manhajar Linux mai tayar da aiki a lokacin da aka sa mata, ta tashi ƙarfe tara na dare, kwamfutar kuma a kashe take a lokacin, aiken ranar ya wuce ke nan, sai dai idan ka yi amfani da anacron ko agogon systemd mai `Persistent=true`, waɗanda ke rama abin da aka rasa idan an kunna.

Idan layi ya yanke ana tsakiyar tura babban fayil, dukansu suna da dabara. Syncthing takan tara abin da ta samu a fayil na wucin gadi, ta ci gaba daga inda ta tsaya idan layi ya dawo, ba sai an ce mata komai ba. rsync a yadda ta zo takan zubar da rabin da ta karɓa ta faro daga farko, sai an ƙara mata `--partial` ko `-P`. A nan akwai tarkon da ba kowa ya sani ba, domin `--partial` takan ajiye guntun fayil ɗin da ainihin sunansa, a madadin tsohon kwafi mai lafiya da ke can, wanda ya buɗe shi kafin a kammala zai tarar da rabin abu. Ya fi aminci a rubuta `--partial-dir=.rsync-partial`, guntun ya zauna a gefe har ya cika.

A batun cin data, ana yawan cewa rsync ta fi tsimi, kuma gaskiya ne a kan babban fayil ɗaya da aka yi wa ɗan gyara, musamman idan an cusa sabon abu a tsakiyarsa, tunda Syncthing gunduwoyinta a tsaye suke, daga kilobayit 128 zuwa megabayit 16 gwargwadon girman fayil. Amma a aikin shago na yau da kullum wani abu ne ya fi faruwa, wato sauya wa folda suna ko matsar da ita. Idan yaro ya mai da foldar "Ayyukan Sallah" ta koma "Ayyukan Sallah 2025", rsync za ta ɗauke ta a matsayin sabuwa ta sake tura duk abin da ke ciki, Syncthing kuwa za ta gane cewa gunduwoyin suna nan a can, ta kwafe su daga faifan wurin ba tare da ta taɓa data ba sai 'yar kaɗan. Hoto ko bidiyon da aka sake fitarwa kuma duk cikinsa ke canzawa, babu wadda za ta yi maka tsimi a kansa. Kowacce ka zaɓa, kada ka yi jigilar farko ta intanet: ka kwafi foldar a faifan waje, ka ba amintaccen direba ko ka kai da kanka, ka zuba a can, sannan ka haɗa su, za su duba su ga abu ɗaya ne su ci gaba daga nan. Dukansu kuma ana iya rage musu gudu don kada su shaƙe layin shago, rsync da `--bwlimit`, Syncthing a cikin saitunan haɗi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne gogewa, domin a nan ake kuka. rsync ba ta goge komai a can sai ka ƙara `--delete`, amma ranar da ka ƙara shi ka ba ta wuƙa. Ka ɗauka foldar da kake turawa tana kan faifan waje, ranar nan igiyarsa ta saki, foldar ta bayyana babu komai a ciki: rsync za ta yi biyayya ta share can ɗin ma, ya zama daidai da nan. Haka kuma alamar `/` da ke ƙarshen sunan folda tana da ma'ana, `ayyuka/` na nufin abin da ke cikin foldar, `ayyuka` kuma na nufin foldar kanta, kuma rikita su tare da `--delete` ya sha jawo ɓarna. Saboda haka ban taɓa sakin sabon umarni ba sai na fara gwada shi da `-n`, wanda ke lissafo abin da za a yi ba tare da an yi ba, sannan nakan ƙara `--max-delete=50` don ta daina gogewa idan abin da ta goge ya kai hamsin, da `--backup` tare da `--backup-dir` don abin da aka goge ko aka sauya ya koma wata folda maimakon ya ɓace.

Syncthing tana da kariya daga matsalar faifan da ya saki, domin takan ajiye wata ɓoyayyiyar alama mai suna `.stfolder` a cikin foldar, idan ba ta gan ta ba sai ta tsaya cak ta yi ƙorafi. Amma idan mutum ne ya goge fayil da hannunsa a Bajoga, ko ƙwayar cutar kwamfuta ta lalata shi, kafin ka sha ruwa ɓarnar ta iso Gombe, tunda aikinta ke nan. Ajiye tsofaffin kwafi a kashe yake zuwa, sai ka kunna shi da kanka a kowace folda kuma a kowace kwamfuta. Zaɓin "Simple" yana riƙe kwafi biyar na baya idan ba ka sauya adadin ba, "Staggered" kuma yana riƙe da yawa na kwanan nan yana rage su yayin da suke tsufa har shekara guda, dukansu a cikin foldar `.stversions`. A lura da kyau cewa kwamfuta tana ajiye tsohon kwafi ne kawai idan canjin daga wata kwamfutar ya zo mata. Wanda ya goge abu a kan tasa, a kwamfutar ɗan'uwansa zai je nema.

Idan mutum biyu suka gyara fayil ɗaya kafin kwamfutocin su haɗu, Syncthing ba ta zubar da ko ɗaya: wanda lokacinsa ya fi sabunta shi ke riƙe sunan, ɗayan kuma a sauya masa suna a saka `sync-conflict` da kwanan wata a ciki, sai mutum ya duba ya zaɓa. Wannan ya dogara da agogon kwamfuta, kuma yawancin kwamfutocin da muke saye na hannu ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, ka kunna ka ga suna nuna wata shekara da ta daɗe da wucewa. A reshen Bajoga haka na tarar, sai da na sauya batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, kafin na yarda na haɗa ta da kowa. rsync ba ta san wani abu wai shi saɓani ba. Idan ka tura daga nan zuwa can sannan daga can zuwa nan, gyaran mutum ɗaya zai hau kan na ɗayan ba tare da ko gargaɗi ba. Wanda yake son tafiya ta ɓangare biyu amma sai ya ba da umarni, Unison ta Benjamin Pierce na Jami'ar Pennsylvania ita aka yi don haka, wanda kuma inda zai ajiye Google Drive ne ko makamancinsa, rclone zai nema. Fayil ɗin manhajar lissafin kuɗi da ke buɗe ana rubutu a cikinsa kuwa kada a ba kowace daga cikinsu. A fitar da kwafinsa daga cikin manhajar bayan an tashi, shi za a tura.

Ta fuskar tsaro magana ɗaya ce mai muhimmanci. rsync tana da wata hanya ta kanta ta ƙofa mai lamba 873 wadda ba ta kulle bayanai, kada a buɗe ta ga intanet, a tsaya ga SSH. A Janairun 2025 an fitar da siga ta 3.4.0 don toshe ramuka shida da aka gano, saboda haka wanda ya girka tun da daɗewa ya sabunta tasa.

A shagon nan ban zaɓi ɗaya na bar ɗaya ba, amma kowacce na ba ta aikin da ta iya. Kwamfutocin Windows biyu, ta Gombe da ta Bajoga, Syncthing na sa musu, tare da wata tsohuwar laftof mai Ubuntu da ke gidan mai shagon a kan sola a matsayin ta uku. Foldar zanen da aka kammala na mai da ita "Send Only" a Gombe, "Receive Only" a Bajoga, don gyaran da yaro zai yi a reshe kada ya dawo ya taɓa na asali, sannan na buɗe wata foldar dabam mai tafiya ta kowane ɓangare don ayyukan da reshe ke karɓa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, don haka rsync na bar wa tsaron rumbu: kowane dare takan kwashe abin da ke kan laftof ɗin zuwa faifan waje da `--link-dest`, wanda ke ba kowace rana foldarta cikakkiya alhali fayilolin da ba su canza ba ba sa cin sabon wuri. Da a ce mai shagon saba ɗaya yake da ita a intanet kuma kwafin ko-ta-kwana kawai yake so, da rsync kaɗai zan sa masa in tafi.

Kafin na bar wurin na sa yaron Bajoga ya goge wani kati da gangan a foldar da suke rabawa, muka zuba ido har ya ɓace a Gombe, sannan na ce da mai shagon: "Alhaji, ga kujera, kai za ka dawo da shi da hannunka." Ya ɗan yi lalube a shafin sarrafawa kafin ya gano maɓallin tsofaffin kwafi, ya dawo da katin, ya buɗe shi a CorelDRAW ya ga yana nan yadda yake. Na rubuta masa matakan a takarda muka manna a jikin bango kusa da injin ɗab'i, tare da tunin cewa ranar ɗaya ga kowane wata a ɗauko fayil ɗaya daga faifan wajen nan a buɗe shi a gani.